Fuloraid

fuloraid *suna, namiji, kimiyyar sinadarai.*

1. Ƙwayar sinadarin fulorin da ta karɓi ilektiron ɗaya, alamarta F⁻. A cikin ruwa tana janyo haidurojin, don haka tana da ɗabi'ar alkalin irin ta kanwa, amma mai rauni.

2. Duk haɗin da fulorin ya yi da wani sinadari. Abokin haɗin ne ke fayyace halinsa. Sodiyam fuloraid, NaF, gishiri ne da ruwansa ke karkata zuwa alkalin. Ana sa shi a man goge baki don ƙarfafa haƙora. Haidurojin fuloraid, HF, idan ya narke a ruwa asid ne mai rauni, duk da haka yana cin gilashi, shi ya sa ake adana shi a roba. Yana ratsa fata ya kama kalsiyam ɗin jiki. Idan aka gauraya shi da SbF₅, ana samun ɗaya daga cikin asid mafiya ƙarfi da aka sani.

*Misali:* Yawan fuloraid a ruwan sha ya lanƙwasa ƙasusuwan yara a Tibiri ta Maraɗi.

*Lura:* Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada fuloraid ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha.