2.3 Garmaho da Kula da Faifai a Ƙasar Haɗeja

Garmaho, wanda Emile Berliner ya ƙirƙiro a Amurka a 1887, ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Turawan mulkin mallaka. Ya dace da ƙauyukan fadamar kogin Haɗeja, irin su Baturiya, domin ba ya bukatar lantarki. Da hannu ake yi masa wani.

Sai dai kuma abu ne mai son kulawa. Faifansa, wanda ke juyawa sau 78 a minti ɗaya, yakan fashe da zarar ya faɗi. Allurarsa ta ƙarfe ce, kuma ƙa'ida ita ce a canza ta bayan kowane gefe, saboda idan ta dakushe sai ta cinye layukan faifan. Shi kuwa dogon faifan roba da ya fito a 1948, zafin bazara kan lanƙwasa shi, ƙurar hunturu ta ɓata masa sauti.

Bayan kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, wannan ɗawainiya ta hau kan masu gabatar da shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka. Mai sauraro yana iya neman waƙar Mamman Shata ko ta Ɗanmaraya Jos, amma sai wadda faifanta ke da lafiya za a iya sa masa.

Daga bisani kaset ya ture faifai. Saboda haka, duk waƙar da ba a kwafe ba, ɗorewarta ta dogara ne ga irin riƙon da aka yi wa faifanta.