Faifan Fulofi da Wahalar Ƙetarar da Rubutu Daga Zamani Zuwa Zamani

A al'ada muna ɗauka cewa gwargwadon tsufan rubutu gwargwadon wahalar isa gare shi. Tarihin faifan fulofi ya saɓa wa wannan zato. Takardar da wani malami ya rubuta da tawada a Sakkwato a farkon ƙarni na 19, muddin gara da ruwa sun ƙyale ta, ba ta neman komai wajen mai karatu face ido da sanin harshe. Wasiƙar da aka buga a kwamfuta a 1992 aka adana a faifai kuwa, ko tana nan lafiya lau, sai an samo na'urar da aka daina ƙerawa, da manhajar da kamfaninta ya daɗe da rufewa, da mutumin da ya san yadda ake haɗa su. Abin da nake son nunawa shi ne, kwashe tsofaffin fayil-fayil daga waɗannan faya-fayai zuwa na'urorin yau ya wuce aikin kwafi. Aiki ne na masanin tarihi, mai ƙofofi a jere, kuma kowace ƙofa tana iya hana wucewa.

An haifi faifan a ɗakunan binciken kamfanin IBM da ke San Jose a jihar Kaliforniya ta Amurka, ya fito kasuwa a 1971. Faɗinsa inci 8, abin da yake ɗauka bai wuce kilobait 80 ba, kuma ba don jama'a aka yi shi ba; an ƙera shi ne don ɗura umarni a cikin manyan kwamfutocin kamfanin. Siffarsa mai sauƙi ce: faifan roba sirit mai laushi, an shafe shi da garin tsatsar ƙarfe mai karɓar maganaɗisu, an sa shi cikin riga mai shimfiɗar ƙyalle da ke share ƙura yayin da yake juyawa. A 1976 kamfanin Shugart Associates ya fito da mai inci biyar da kwata, wanda ya tashi tare da ƙananan kwamfutocin gida. Daga baya Sony na Japan ya kawo mai inci uku da rabi, cikin kwanson roba mai tauri da murfin ƙarfe mai zamewa. Kwamfutar Macintosh ta karɓe shi a 1984, sannan a 1987 IBM ya yaɗa nau'in da ke ɗaukar megabait 1.44. Wannan adadi ya kai kimanin haruffa miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, wato ya ishi littattafai da dama idan rubutu ne zalla, amma ba zai ɗauki hoto guda na wayar zamani ba.

Faɗuwarsa ta zo sannu a hankali. Apple ya fitar da iMac a 1998 ba tare da ramin sa faifai ba, mutane suka yi ta ƙorafi, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu. Sony ya daina ƙera faya-fayan a watan Maris na 2011. Duk da haka tsohon bai yarda ya kwanta ba. Rundunar sojan saman Amurka ta ci gaba da amfani da mai inci 8 a wani tsarin isar da umarni da ya shafi makaman nukiliya har zuwa 2019, gwamnatin Japan kuwa sai a 2024 ministanta na harkokin fasahar zamani, Taro Kono, ya sanar da kammala soke dokoki fiye da dubu da ke wajabta miƙa takardu a kan faifai. Ke nan kusan shekara talatin duniya ta yi tana zuba rubutunta a cikin wannan ɗan abu: daftarin littattafai, kundayen digiri, lissafin kamfanoni, wasiƙu, da sakamakon bincike.

Ƙofar farko ita ce jikin faifan. Kan na'urar karatu yana goga fuskar faifai ne kai tsaye, yayin da faifan ke juyawa sau 300 a minti ɗaya a yawancin na'urori. Idan danshi ya haifar da funfuna, ko gam ɗin da ke riƙe garin ƙarfen ya saki, juyin farko yana iya kankare rubutun ya bar zobe fayau a kan roba. Dattin da ya maƙale a kan na'urar kuma sai ya yi wa faifai na gaba irin wannan illa. Shi ya sa masu aikin adana tarihi ke duba kowane faifai da ido, su wanke wanda ya kamu, su goge kan na'urar, kuma su kulle faifan don kada a rubuta komai a kansa. Ko wannan kullewa tana da tarko: a mai inci uku da rabi, buɗe ƙaramar tagar kusurwa ne ke hana rubutu, a mai inci biyar da kwata kuwa rufe tsagar gefe da ɗan lika ne ke hanawa. Wanda ya saba da ɗaya yana iya yin ɓarna a ɗayan da kyakkyawar niyya.

Ƙofa ta biyu ta fi ban mamaki, domin faya-fayai biyu suna iya zama iri ɗaya sak a ido, alhali kwamfutocin da suka rubuta su ba sa jin maganar juna. Kwamfuta irin ta IBM tana raba kowane zoben faifai gida 9, ta sami kilobait 720. Kwamfutar Amiga ta kamfanin Commodore tana rubuta zoben gaba ɗaya a tashi guda, ta cusa gida 11, ta sami kilobait 880 a kan faifan nan dai. Tsohuwar Macintosh kuwa sauya saurin juyi take yi daga zoben waje zuwa na ciki. 'Yar na'urar nan mai igiyar USB da ake sayarwa da arha tsarin IBM kaɗai ta sani. Idan aka ba ta faifan Amiga, kwamfuta za ta ce ba a tsara shi ba, ta tambaya ko a tsara shi yanzu. Wanda ya amsa da na'am ya shafe abin da ya zo ceto.

Labarin da ya fi bayyana waɗannan matakai, a ganina, shi ne na zane-zanen Andy Warhol. A ranar 23 ga Yulin 1985 kamfanin Commodore ya ƙaddamar da Amiga 1000 a dandalin Lincoln Center da ke birnin New York. A gaban jama'a Warhol, wanda a lokacin yana cikin mashahuran masu zane na duniya, ya zauna gaban kwamfutar ya yi hoton mawaƙiya Debbie Harry. Ya rasu a watan Fabrairun 1987, kayansa kuma suka koma gidan tarihin da aka buɗe da sunansa a birnin Pittsburgh a 1994, ciki har da kwamfutar da faya-fayanta. Suna nan a ajiye, an ƙidaya su cikin kayan gidan, amma ba wanda ya ga abin da ke cikinsu. Sai a 2011 wani mai zane, Cory Arcangel, bayan ya kalli bidiyon bikin ƙaddamarwar a YouTube, ya bi sawu ya tambayi ko akwai sauran aikin da Warhol ya yi a wannan na'ura.

Waɗanda suka buɗe ƙofar 'yan ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta ne na Jami'ar Carnegie Mellon, masu tara tsofaffin na'urori suna gyarawa. A 2013 suka yi aikin, kuma ba su sa faya-fayan a cikin tsohuwar Amiga ba, don gudun kada ta tauna su. Sun yi amfani da wata ƙaramar na'ura mai suna KryoFlux, wadda ba ta damu da ma'anar abin da ke kan faifai ba. Aikinta kawai ta auna tazarar lokaci tsakanin kowane sauyin maganaɗisu da na gaba, ta adana wannan awo a matsayin cikakkiyar surar faifan. Hikimar a fili take: a taɓa asalin sau ɗaya, duk wani gwaji kuma a yi shi a kan kwafi, ko da zai ɗauki shekara. Kamar mai kwafar littafin da bai san harshensa ba ne, yana bin kowane lanƙwasa da ɗigo da aminci, ya bar fassara ga na baya.

Nan suka ci karo da ƙofa ta uku. Sunayen fayil-fayil sun bayyana, wasu suna nuni ga gwangwanin miyar Campbell da Marilyn Monroe, abubuwan da aka san Warhol da zanawa, amma babu manhajar da ta yarda ta buɗe su. An adana su ne da wani tsari na farko-farko wanda ko manhajojin Amiga na baya ba su gane shi ba. Dole suka zauna suka warware tsarin da kansu, suna gano inda aka ajiye launuka da yadda aka jera ɗigogin hoto. A watan Afrilun 2014 aka sanar da samun hotuna 28, ciki har da gwangwanin miyar, da hoton Warhol na kansa, da Venus ta Botticelli wadda ya ƙara wa ido na uku. A 2021 gidan gwanjon Christie's ya sayar da biyar daga cikinsu a kan kuɗin da ya haura dala miliyan uku. Kuɗin ba shi ne ya dame ni ba. Abin lura shi ne, aikin mutumin da aka gina wa gidan tarihi sukutum ya yi kusan shekara talatin a kulle, kuma abin da ya fito da shi son sanin mutum guda ne da ƙwazon masu wasa da tsofaffin na'urori.

Irin wannan sa'a ce ta ceci asalin rubutun manhajar wasan Prince of Persia, wanda Jordan Mechner ya yi wa kwamfutar Apple II ya fitar a 1989. Ya yi shekaru yana zaton ya ɓata, sai a 2012 mahaifinsa ya aiko masa da wani kwali da ya tsinto wajen gyaran ɗaki. Ya gayyaci Jason Scott da Tony Diaz, masana tsofaffin na'urori, suka kwashe abin da ke ciki, ya sa shi a GitHub don kowa ya gani. A labaran biyu mai kayan sananne ne, shi ya sa aka sami masu rugowa. Mafi yawan faya-fayan duniya ba su da wannan gata.

Wannan ne ya kawo ni gida, domin rubutun Hausa na wancan zamani yana da ƙofa ta huɗu wadda na Turanci ba shi da ita. Daga shekarun 1990 zuwa farkon 2000, lokacin da adabin kasuwar Kano ke ganiyarsa, ɗalibai da marubuta kan kai rubutun hannu shagunan buga takardu a Kano da Zariya da Kaduna, a buga a kwamfuta, a adana a faifai. Allon madannai na Turanci ba shi da haruffanmu masu ƙugiya. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowannensu lambarsa, amma an daɗe kafin manhajojin da ke hannun jama'a su iya nuna su. Mafitar da aka samu ita ce salon haruffa na musamman, kuma waɗanda suka fi yaɗuwa su ne Rabi'at da Abdalla, na Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero. Dabarar ita ce a ari gurbin wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba, a zana haruffan Hausa a wurinsu. Hidima ce babba, kuma da ita aka buga littattafai da mujallu da kundaye masu yawa da cikakkiyar ƙa'idar rubutu.

Sai dai kwamfuta lambar gurbi take adanawa, ba siffar da ido ke gani ba. Da zarar an buɗe fayil ɗin a na'urar da ba ta da wannan salo, alamomin asali sai su dawo gurbinsu. Lokacin da nake tattara bayanan kundin digirina na sha cin karo da maƙalun da aka ɗora a intanet daga irin waɗannan fayil-fayil, inda ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ɓangare ya koma ~angare, Ɗanfodiyo kuma ya zama [anfodiyo. Mai jin Hausa yana iya cankar ma'ana ya wuce. Injin bincike ba ya canka. Wanda ya nemi kalmar ƙungiya ba zai taɓa samun shafin da ke ɗauke da }ungiya ba, don haka rubutun yana nan a fili amma ya ɓace wa mai nema.

Gyaran yana da sauƙi a mafi yawan lokuta: haruffa shida ne, manya da ƙanana, a musanya kowace alama da harafinta. Inda gizo ke saƙa shi ne rubutun masana harshe. Su suna buƙatar baka mai kusurwa ta ainihi don nuna furuci, saboda haka mai bugawa kan koma wani salon haruffa duk lokacin da zai sa ta. A cikin fayil ɗin, alama ɗaya ce ke tsaye a matsayin ɗ a wannan layi, a matsayin baka a layi na gaba, kuma abin da ya bambanta su shi ne bayanin salon da ke maƙale da kowace. Wanda ya kwashe fayil ɗin a matsayin rubutu zalla don sauƙi, ya zubar da wannan bayani, babu kuma manhajar da za ta maido shi sai mutum ya bi layi-layi da ido.

Saboda haka nake ganin tsarin da aka bi a Pittsburgh shi ne ya dace da duk wani kwalin faya-fayai da ke kwance a sito na sashen jami'a, ko maɗaba'a, ko ɗakin marubucin da ya rasu. A fara ɗaukar cikakkiyar surar faifan, a ajiye ta yadda take, a ɗauki hoton takardar da ke manne a bayansa, domin sau da yawa abin da aka rubuta da biro a kanta ne kaɗai ke faɗin mai shi da shekararsa. A ajiye kwafin salon haruffan tare da fayil ɗin. Bayan haka ne za a juya shi zuwa Unicode, juyin kuma ya zauna kusa da asali, kada ya maye gurbinsa. Kayan aikin ba su da tsada kamar da. Akwai wata na'ura mai suna Greaseweazle, ta Keir Fraser, wadda ke yin irin aikin KryoFlux, kuma tsarin ƙera ta a buɗe yake ga kowa. Amma ita ma sai an haɗa ta da tsohuwar na'urar juya faifai, irin wadda ake cirowa daga matattun kwamfutocin da ke jibge a bayan shagunan masu gyara, kafin 'yan jari-bola su auna su a sikeli.