Fetur mai gaurayen etanol: yadda injin mota ke daidaita kansa da abin da mai mota ya kamata ya sani

Daga cikin motocin a-kori-kura da ake shigo da su na hannu daga Amurka, irin su Ford F-150 da Chevrolet Silverado, akwai masu tambarin FlexFuel a bayansu, wasu kuma da murfin tanki ruwan ɗorawa. Ma'anar alamar ita ce injin yana iya ƙona fetur zalla, ko wanda aka gauraya da etanol har kusan kashi 85 cikin ɗari. Manyan motocin dakon kaya masu shan dizal ba sa cikin wannan rukuni.

Mene ne etanol?

Sinadari ne da ake tatsa daga rake, masara ko rogo. Ana rubuta adadinsa da harafin E: E10 na nufin kashi 10 cikin ɗari. Birazil ta fara shirinta na Proálcool a 1975, motocin da ke shan kowane gauraye kuma suka shiga kasuwarta a 2003. Najeriya ta fitar da manufar man tsirrai a 2007 da burin kaiwa ga E10.

Yadda inji ke daidaitawa

Domin ƙonewa sarai, giram ɗaya na fetur yana buƙatar iska giram 14.7, etanol kuwa giram 9 kawai. Saboda haka duk lokacin da etanol ya ƙaru, dole injekta su ƙara fesa mai. A E85 ƙarin yana kaiwa kusan kashi 30 cikin ɗari. Wasu motocin suna da na'urar auna etanol a kan bututun mai, wadda ke sanar da kwamfutar motar. Wasu kuma suna ƙiyasi ne daga na'urar auna iskar oksijin da ke jikin salansa, shi ya sa suke buƙatar 'yar tafiya bayan an sha mai kafin aikinsu ya daidaita. Da yake etanol ya fi fetur jure matsi, kwamfutar kan gaggauta lokacin tartsatsin fulogi, injin ya ƙara ƙarfi.

Motar da ba a ƙera ta haka ba, idan aka ɗura mata gauraye mai yawa, mai zai yi mata ƙaranci, injin ya yi zafi, robobin hanyar mai su lalace. Kanikan da zai sauya mata tsari sai ya duba ƙarfin famfon mai da girman injekta kafin ya taɓa kwamfuta.

Lissafin aljihu

Ƙarfin lita ɗaya ta etanol bai wuce kashi biyu cikin uku na litar fetur ba. Ɗan kasuwar Kambarawa da ke kai kaya Jibiya ko Kano, musamman tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, ya kamata ya auna nisan da lita ta kai shi, ba farashinta kaɗai ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Abubuwan kiyayewa

Etanol yana zuƙar ruwa. Idan mota ta daɗe a ajiye da damina, ruwan da etanol kan rabu da fetur su kwanta a ƙasan tanki. Da sanyin hunturu kuma gauraye mai yawa kan sa tayar da inji ya yi wuya.

Kada a rikita etanol da metanol, wanda ya fi shi cin roba da ƙarfe. A Fabrairun 2022 hukumomi suka tabbatar da an shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, kuma janye shi ya haddasa dogayen layuka a gidajen mai na Abuja da Legas.

Gwaji mai sauƙi shi ne a zuba ruwa mililita 10 a kwalba mai ma'auni, a ƙara fetur mililita 100, a girgiza, a bari ya kwanta nesa da wuta. Idan sashen ƙasa ya kai mililita 20, man yana ɗauke da kusan kashi 10 na irin waɗannan sinadarai. Sai dai gwajin ba ya bambanta etanol da metanol. Wannan aikin ɗakin bincike ne.