Ƙiba fiye da kima a yara: abinci, motsa jiki da barci

A gidajenmu da yawa yaro ɓul-ɓul abin alfahari ne, alamar uwa tana kula da shi. Ga jaririn da ke shan nono, yawanci wannan ba abin damuwa ba ne. Amma idan kitse ya ci gaba da taruwa bayan yaro ya fara gudu, ya shiga makaranta, yana iya jawo masa ciwon suga, hawan jini, kitse a hanta da ciwon gwiwa tun yana da ƙuruciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 fiye da miliyan 390 nauyinsu ya wuce kima, miliyan 160 daga cikinsu kuma ƙibarsu ta kai matakin cuta.

Ido kaɗai ba ya tabbatar da ƙiba. A asibiti muna auna nauyi da tsayi, mu duba su a jadawalin girma na shekarun yaron da jinsinsa. Ku kuma lura, kumburin ƙafafu da fuska a yaron da ba ya samun isasshen abinci ba ƙiba ba ne, alamar tamowa ce, kuma tana buƙatar asibiti da gaggawa.

Abinci

Abin da ya fi ɓata lissafi shi ne abin sha. Kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗauke da suga kusan ƙaramin cokali 9, kuma ba ta ƙosar da yaro. Zai sha ya zo ya ci abincinsa kamar bai sha komai ba. Zoɓo da kunun da aka zuba wa suga da yawa ba su da bambanci sosai, duk da na gida ne. Ku sa ruwa ya zama abin shan yau da kullum. Biskit, fanke, cincin da taliyar leda su koma na lokaci-lokaci. Tuwo da miyar kuka, wake, zogale, ƙwai da lemon zaƙi da aka ɓare aka ci sun fi duk waɗannan. Kada a tilasta wa yaro ya cinye kwano in ya ce ya ƙoshi.

Motsa jiki

Yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a kullum na wasan da zai sa shi haki. Ƙwallo, langa, keke ko tafiya makaranta a ƙafa duk sun isa. Yaron da ya tashi daga boko ya wuce islamiyya, ya dawo ya zauna da waya, rana ta wuce bai yi gudu ba. Ga 'yan shekara 2 zuwa 4, kallo kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Barci

Wannan ne iyaye suka fi mantawa. Idan barci ya gaza, sinadarin girelin mai tada yunwa yana ƙaruwa a jini, leftin mai sanar da ƙoshi kuma yana raguwa. Yaron zai tashi da kwaɗayin zaƙi da maiƙo, ga gajiya da ke hana shi wasa. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13, ɗan 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12, matashi kuma awa 8 zuwa 10. Yaron da zai tashi da asuba bai kamata ya kai sha ɗayan dare yana kallo ba. A karɓe waya awa ɗaya kafin kwanciya, a kuma tsayar da lokacin barci guda.

Kada ku sa yaro ya riƙa kwana da yunwa, kada ku ba shi shayin rage ƙiba, kuma ku hana 'yan'uwansa yi masa ba'a. Ga yawancin yara, abin da muke nema shi ne nauyi ya tsaya yayin da tsayi ke ƙaruwa, kuma hakan ya fi yiwuwa idan duk gidan ya sauya abinci tare.

Ku kawo shi asibiti idan yana minshari mai ƙarfi ko numfashinsa yana tsayawa cikin barci, yana yawan ƙishirwa da fitsari, yana ɗingishi, ko ƙiba tana ƙaruwa alhali tsayinsa ya tsaya. Haka ma idan bayan wuyansa ya yi baƙi mai kauri. Iyaye mata kan ɗauka dauɗa ce su yi ta dirza da soso, alhali sau da yawa alama ce ta cewa jiki ya fara ƙin jin sinadarin insulin, kuma lokacin gwajin suga ya yi.