Da ɗan gari akan ci gari: yadda Stuxnet ta hau kan hadiman Windows

Maƙalarmu ta wannan mako ta tarihin kutsen kwamfuta ce.

A cikin Windows akwai wasu ƙananan manhajoji da ke aiki a bayan fage dare da rana, mu kira su hadimai. Wani shi ke jera takardun da za a buga a firinta, sunansa Print Spooler. Wani shi ke tayar da ayyuka idan lokacinsu ya yi, wato Task Scheduler. Da yawansu suna aiki ne da iko mafi girma, wanda ake kira SYSTEM. Don haka ɗan kutsen da ya shigo da ƙaramin matsayi yakan nemi ya yaudari hadimi ya yi masa aiki da ikon mai gida.

A watan Yunin 2010, kamfanin VirusBlokAda na ƙasar Belarus ya binciki wasu kwamfutoci a Iran da ke ta mutuwa suna tashi da kansu. Nan aka gano Stuxnet, muguwar manhajar da ta lalata injinan tace yuraniyam a Natanz. Tana yaɗuwa ta hanyoyi da dama, ciki har da Print Spooler: sai ta sa shi ya ajiye mata fayil a babban ɗakin Windows na wata kwamfutar, kamar aikin bugu ne. Wajen ɗaga matsayi kuwa, ɗaya daga cikin dabarunta ita ce Task Scheduler. Takan rubuta aiki da ƙaramin matsayi, ta sauya takardar aikin ta koma ta SYSTEM, sannan ta daidaita lissafin tantancewa na CRC32 yadda hadimin ba zai ga alamar an taɓa ba. Microsoft ya toshe ƙofar firinta a Satumba, ta Task Scheduler kuma a Disambar 2010. Amma a 2021 wata ɓarakar ta sake bayyana a Print Spooler, aka sa mata suna PrintNightmare.

Tun da hadimi amintacce ne, masu tsaro sun koma sa ido kan halinsa. Windows na da kundin ajiye abubuwan da suka faru: lamba 7045 na nuna an kafa sabon hadimi, 4698 kuma an ƙirƙiri sabon aiki, idan an kunna rajistarsa. Idan aka ga hadimin firinta ya buɗe tagar ba da umarni, an san da walakin.

Mu da ke son rubuta labaran bincike, mu daina sa ɗan kutse yana ta bugun madannai har kwamfuta ta buɗe. Mu nuna wane hadimi ya yaudara, da kuma layin kundin da ya tona masa asiri.

Sai mun ji ra'ayoyinku.