Isawa Ba Su Da Ɗarika

Ran Lahadi mu da ke zaune a Gyadi-Gyadi da Tarauni mukan rarrabu a bakin Titin Zariya, wannan ya nufi ECWA, wancan Angilikan, wani Katolika ko Baftis. Har mukan tambayi baƙo ɗarikarsa tun bai sha ruwa ba. To, bari mu tuna da waɗansu mutanen Kano da suka riga dukan waɗannan sunaye.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi an yi wani malami, Malam Ibrahim. Cikin karatunsa na Alkur'ani ya ga girman da aka ba Annabi Isa, ya shiga koya wa almajiransa su ɗaukaka shi, su jira dawowarsa. Aka ce ya janye, ya ƙi. Wajen 1867 aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watse, waɗansu suka nufi ƙasar Ningi. Su ne ake kira Isawa.

Krista ne su? Ba su da Linjila a hannu, ba baftisma, ba fasto, ba su kuwa san cewa Yesu ya mutu domin zunubanmu ya tashi ba. A ganinmu masu nema ne, kamar Karniliyus kafin Bitrus ya shiga gidansa. Amma wa zai raina mutumin da ya ba da ransa saboda ɗan hasken da ya samu? Mu da muke da cikakken Littafi, nawa ne cikinmu za su tsaya haka?

A 1913 waɗansu daga zuriyar Isawa suka iske Dokta Miller na CMS a Zariya. Suka ji labarin gicciye, suka ba da gaskiya, suka zauna a Gimi. Ciwon barci ya kashe da yawa cikinsu, sauran suka koma Zariya, daga baya Wusasa. Sun zama Angilikan ne don ƙofar CMS suka tarar a buɗe. Da 'yan SIM suka iske, da yau jikokinsu suna cikin ECWA, wadda aka kafa a 1954. Yawancinmu ma haka muka sami ɗarikarmu, wato mishan ɗin da ya fara isa ƙauyen kakanninmu.

Ba mu ce ɗarika banza ce ba, tana da tsari da horo, akwai kuma bambancin koyarwa na gaske. Sai dai da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, ba a yi wa CMS nata dabam, SIM nata dabam ba. Guda ɗaya aka kai Wusasa, aka kai Jos, aka kawo Kano.