Zakaru shida da tsohon da ya yi wa kansa allurar marainan kare

1/ Jiya a tasha na tsaya sauraron wani mai tallan maganin ƙarfin maza da lasifika, sai na tuna da wani darasi da aka yi mana a aji. Wallahi wannan kasuwar ta girmi kakanninmu. Ku biyo ni 🧵

2/ Tun fil azal makiyaya sun san cewa idan aka yi wa rago ko sa fiɗiya, zai yi sanyi, ya yi ƙiba, ya daina bin mace. Amma ta yaya maraina ke juya duk jiki haka? Nan gizo ke saƙa.

3/ A 1849 wani Bajamushe, Arnold Berthold, ya yi gwaji da zakaru 6 a Gottingen. Waɗanda ya cire wa maraina duka, zankonsu bai girma ba, ba cara, ba faɗa, ba bin kaji. Waɗanda ya dasa wa marainan a cikin ciki kuwa, suka tashi zakaru sosai.

4/ Da ya buɗe cikinsu, sai ya ga dashen ya haɗu da hanyoyin jini kawai. Ashe saƙon ta jini yake bi. Sai a 1905 Ernest Starling na Ingila ya raɗa wa irin wannan ɗan aike suna homon.

5/ Yanzu ga dramar 😂 A 1889 a Paris, babban malamin likitanci Brown-Séquard, yana da shekara 72, ya sanar cewa ya matse marainan kare da na ɓeran Masar ya yi wa kansa allura, kuma ƙarfinsa ya dawo. Kafin ka ce kwabo, likitoci a Turai da Amurka sun fara yi wa mutane.

6/ Abin bai tsaya nan ba. Daga 1920 Serge Voronoff ya riƙa dasa wa attajirai yankan marainan biri a Faransa. Jiki kuwa ba ya karɓar naman biri. An sha kuɗi, an sha wuƙa.

7/ Sai a 1935 Ernst Laqueur da mutanensa a Amsterdam suka tace ainihin sinadarin daga marainan bijimai, aka sa masa suna testosteron. A shekarar ce Butenandt da Ruzicka suka haɗa shi a ɗakin gwaji.

8/ To ruwan tsoho fa? A 2002 masu bincike a Ostareliya sun sake haɗa shi kamar yadda ya bayyana. Testosteron ɗin da ke ciki bai kai ko kusa da abin da zai yi aiki ba, domin maraina ba rumbu ba ne, suna yi suna zubawa cikin jini. Baba dai ya sa rai ne, sai ya ji ƙarfi.

9/ Abin da aka gano daga baya: ƙwaƙwalwa ce mai ba da oda. Fituwitari da ke ƙasanta na sakin LH da FSH. A namiji LH ke sa a yi testosteron, FSH na taimaka wa samar da ƙwayoyin maniyyi. A mace su biyun ne dai ke nunar da ƙwai su sake shi. Mace ma na da testosteron kaɗan, namiji na da estrojin.

10/ Samari, nan ne wurin. Idan ka ɗura testosteron daga waje, ko don ƙwanji ko don harka, ƙwaƙwalwa za ta ga ya wadata ta rage LH da FSH. Ƙwayoyin maniyyi su ragu, maraina su iya ƙanƙancewa. Garin neman gira a rasa ido.

11/ Brown-Séquard aƙalla ya san abin da ya zuba a sirinjinsa. Kai ka san me ke cikin kwalbar nan marar takarda? In kana ganin da matsala, je asibiti a auna jininka, ba abin kunya ba ne. Tura wa abokin nan naka, ka san shi 😅